Bakan Gizo a Idon Baban Ƙauna

Sunana Hannatu, matar Dattijo Bitrus, wanda duk Unguwar Boro ta fi sani da Baban Ƙauna. Acca da busasshiyar kuɓewa nake sayarwa a kasuwar Sabon Tasha, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma maigidana ya rasa idonsa na dama a gabanmu, muna tsaye muna tafi muna waƙa, kuma saura ƙiris na hagun ya bi shi. Shi ya sa na ce ko da kuskure sai na rubuta yadda aka yi.

Abin ya faro ne daga nazarin Laraba. Faston cocinmu ya raba wa dattawa surorin annabawa, kowa ya je ya yi nazari ya zo ya koyar. Baban Ƙauna ya samu farkon wahayin Annabi Ezekiyel. Ga wanda bai sani ba, annabin yana cikin waɗanda aka kwashe bauta zuwa baƙuwar ƙasa, yana bakin wani kogi sai sama ta buɗe masa. Ya ga guguwa da wuta, da wasu halittu huɗu kowanne da fuska huɗu, da tayoyi, taya a cikin taya, gefensu cike da idanu. Can sama kuma ga kursiyi, haske ya kewaye shi kamar bakan gizo. Da ya ga haka sai ya faɗi rubda ciki.

To, maigidana makaniken injuna ne a masaƙar Kakuri har ranar da aka rufe ta. Mutum ne da in bai gane yadda abu ke juyawa ba, ba ya barci. Fuskoki huɗun ba su dame shi ba, tayoyin ne suka tsaya masa a rai. Har garejin maƙwabcinmu Oga Emeka ya je ya aro tsofaffin wilin keke guda biyu, ya zauna a tsakar gida yana cusa ɗaya cikin ɗaya, wai yana so ya ga yadda taya za ta tafi gabas da yamma, kudu da arewa, ba tare da ta juya ba. Na ce, "Baban Ƙauna, wa'azi aka ce ka shirya ko faci?" Ko kallona bai yi ba.

Da wilin suka gagare shi, sai ya ce wannan ba aikin ƙwaƙwalwa ba ne. Tunda annabi rubda ciki ya faɗi, shi ma haka zai yi ya roƙi fassara. Gidanmu kuwa ba shiru, ga jikoki, ga janareton masu walda. Sai ya zaɓi siton da nake ajiye buhunan acca, ɗaki ne da ba taga ko ta leƙen ɓera. Ya shimfiɗa tabarma, ya ja ƙofa, ya kifa goshinsa a ƙasa. Tun bayan abincin rana yake shiga, ba ya fitowa sai magariba.

A makon farko, wata yamma ya fito yana dafe da girarsa ta dama. Ya tsaya ƙyam yana kallon ƙwan lantarkin baranda.

"Hannatu, me kika gani a jikin ƙwan nan?"

Na ɗaga kai na ce, "Ƙwari."

"Ba ki ga zobe ba? Zobe cikin zobe, launi-launi, ga hazo ya kewaye shi?"

Ya juya ga fitilar maƙwabta, ya ce nan ma akwai. Mai keke ya wuce da fitila a kunne, ya ce ga shi can yana tafiya, bai kuma juya ba. Sai ya durƙusa a wurin ya fashe da kuka. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa ganin hawayen mutumin nan ba ko a jana'izar mahaifinsa. Ya ce kansa na sara, na ba shi farasitamol ya kwanta, da safe ya tashi garau.

Washegari ya kira yayarsa, Yaya Ladi. Gwauruwa ce, a Kamazou take zaune, ita ke jan ƙungiyar masu addu'a ta mata, kuma in ta yi magana ko Fasto sai ya gyara zama. Ni da ita dai gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, tun ina amarya take ganin bakina ya yi yawa. Ta iso a keke napep tana haki, ta zauna, na kawo mata kunu ta miƙa hannu ta ture kofin ya zube, ta ce ni ce na ajiye shi a inda bai dace ba. Bai gama ba ta labari ba ta katse shi.

"Ja a waje, shuɗi a ciki?"

Ya ce, "Yaya, ya aka yi kika sani?"

Ta ɗaga hannu biyu sama ta rangaɗa guɗa. "An buɗe masa! Ubangiji ya tuna da gidan babanmu!"

Na ce, "Yaya, to ciwon kan fa? Ba ma je a duba shi ba?"

Ta ce, "Nauyin ɗaukaka ne, ba kowane kai ke iya ɗauka ba. Ke dai kullum acca ce a kanki."

Kafin Lahadi labari ya zaga. Mako na biyu gidanmu ya koma kamar tashar mota. Tun la'asar mutane ke cika tsakar gida, suna waƙa ƙasa-ƙasa suna jiran a buɗe ƙofar sito. In ya fito yana layi, ido jajir, sai a kunna masa fitila a tambaye shi me ya gani. Kowa da fassararsa. Wani ya ce jan zoben jini ne, a shirya, wani rikicin na tafe. Wata ta ce kore ya fi yawa, ai damina ce za ta yi albarka. Akwai matar da ta zo tun daga Makera da hoton ɗanta, wai Baba ya duba cikin zoben ko yaron zai samu aiki. Shi kuwa, Allah ya sani, bai taɓa karɓar ko ƙwandala ba. Addu'a kawai yake yi musu, ya ce shi ma bai samu fassarar ba tukuna. Fastonmu yaro ne mai hankali, ya ce a bi a sannu a gwada abin. Amma da dattawa suka matsa masa, sai ya sanar cewa ranar godiyar girbi Dattijo Bitrus zai tsaya ya faɗa wa jama'a ma'anar wahayin.

Daga nan ya ƙara wa zaman sito tsawo. Ciwon kan ma ya daina jiran magariba, kuma barci ya daina kore shi.

Wata Asabar a mako na uku na dawo daga kasuwa da rana tsaka, sai na ji nishi daga sito. Na banke ƙofa. Yesu mai ceto! Ga maigidana yana birgima a kan tabarma, ya yi amai ya ɓata jikinsa, ya riƙe kansa da hannu biyu yana cewa a cire masa ƙusar da aka kafa masa a ido. Na jawo shi haske. Idon dama ya kaɗa ya yi ja wur, baƙin ciki ya dushe kamar idon kifin da ya kwana. Na ɗan taɓa fatar idon da yatsa, tauri kamar ɗanyar gwaiba. Na kurma ihu har masu walda suka kashe injinsu.

Nan fa shawara ta yi ta zuba. Yaya Ladi ta ce harin magabci ne, don ya ga ranar fassara ta matso, a ƙara azumi. Ƙaninsa ya ce taifot ne, amai ai ba ya ƙarya. Muka kai shi wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu, aka ɗebi jini, aka ce maleriya da taifot, aka rataya masa dirip. Na ce, "Idon fa?" Yaron da ke wurin ya leƙa daga nesa ya ce afolo ne, ciwon jan idon nan da ke yawo, zai wuce. Afolo! Wannan kalmar har in mutu ba zan manta ba. Masu zuwa dubiya kuma kowa da maganinsa a jaka. Wata ta ce ruwan sukari, wata ta ce nonon mai jego, wani tsoho ya ce ruwan albasa. Waɗannan na hana, na ce duk wanda ya matso kusa da idon nan da albasa sai na juye masa ita a nasa. Man zaitun na shafewa ne kawai ya fi ƙarfina, don Yaya Ladi ce da kanta take ɗiga masa safe da yamma.

Mako guda cur muka kashe a haka. Sannu a hankali zafin ya ragu, aman ya tsaya, ya fara shan kunu. Mata suka zo suka yi waƙar nasara a tsakar gida, ni ma na yi rawa, har da juyi. Ban san abin da muke yi wa rawa ba.

'Yarmu Ƙauna ce ta gano. Malamar firamare ce, tana aure a Makera. Ta shigo da safe da jaririnta a kafaɗa, ta tsaya a gefen damansa tana murmushi tana jira ya yi wa jikansa wasa. Shiru. Yana kallon gabansa yana shan shayi. Sai da ta yi magana ya zabura har shayin ya zube.

"Yaushe kika shigo?"

Ta miƙa mini yaron, ta sa tafin hannu ta rufe masa idon hagu. "Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Ki bari a kawo wuta mana."

Ƙarfe tara na safe, rana ta cika tsakar gida fal. Na zauna a ƙasa daɓas. Ƙauna ba ta yi kuka ba, ta fita kawai ta ƙwanƙwasa wa Oga Emeka ƙofa.

Asibitin ido yana can ƙetaren kogi. Maigidana kuwa tun rikicin da ya kore mu daga gidanmu na fari a wancan ɓangaren ba ya son hawa gadar nan, in ba dole ba. Da asuba Oga Emeka ya fito da tsohuwar motarsa, ya ce, "Mama, ku shiga, Baba ba zai makance ina kallo ba." Duk sammakonmu mun tarar da layi ya kai bakin ƙofa. Mutane daga Zariya, daga Neja, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da mai jan hannunsa. Layin yankar kati daban, layin karanta haruffan bango daban, layin awon ido daban. In ka tashi yin fitsari an cinye maka wuri. Rana ta take, ba mu sa komai a ciki ba sai ruwan leda. Wata nas ta zo wucewa ta kalli idonsa, ta dawo da baya ta sake kallo, ta ce, "Tun yaushe yake haka?" Da na faɗa mata sai ta dafe ƙirji, ta kama hannunsa ta wuce da mu gaban kowa. Ban san sunanta ba, amma kullum tana cikin addu'ata.

Likitar wata Hajiya ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗora haɓarsa a kan wani ƙarfe, ta haska, ta daɗe tana dubawa, ta auna idanun duka biyu. Sannan ta ce, "Baba, kafin wannan ciwon, ka taɓa ganin zobe mai launin bakan gizo a jikin fitila?"

Fuskarsa ta washe. Ya juyo gare ni da idonsa ɗaya yana murna. "Kin ji ko, Hannatu? Likita, ke ma kin san wahayin?"

Ta ce ya gaya mata lokacin da yake gani. Ya kwashe komai ya faɗa, siton, duhun, tabarmar, goshin a ƙasa tun rana har magariba. Tana rubutu sai ta tsaya. Ta ajiye biro, ta cire tabarau.

Ta yi mana bayani da Hausar da ko ni na gane. Ta ce a cikin ido akwai ruwa da ke shiga yana fita ta wata 'yar magudana. Wasu an haife su da magudanar a matse, kuma abin yana bin jinin gida. In suka daɗe cikin duhu sai ta toshe, in kuma suka kifa fuska ƙasa sai abin ya ƙaru. Ruwan ya taru, idon ya yi tauri, gabansa ya yi hazo, mutum ya dinga ganin zobe a jikin kowace fitila. Ta ce shi ake kira hawan jinin ido, su kuma suna cewa gilakoma.

"Baba, da can kafin a samu waɗannan na'urorin, in likita yana so ya gane mai irin wannan idon, ka san abin da yake yi? Ɗaki mai duhu yake sa shi, ya ce ya kifa fuskarsa ƙasa, ya jira ciwon ya taso. Na ɗan lokaci kaɗan, likita na tsaye a kansa. Kai ka yi makonni kana yi wa kanka."

Ban san lokacin da na ce "Wayyo Allah!" ba. Siton da ni na share masa da hannuna. Tabarmar da ni na wanke.

Ƙauna ta ce, "Likita, idon zai dawo?"

Ta ce, "Na dama ya tafi. Lokacin da kuka ga zafi ya ragu, jijiyar ce ke mutuwa. Da kun zo ranar da ya fara amai, ko washegari, da wata maganar muke yi. Yanzu yaƙin da ya rage na hagu ne, don shi ma magudanarsa a matse take. Za mu huda masa 'yar ƙofa da hasken lesa, ruwa ya samu hanya. In ba a yi ba, ko yaushe zai iya bin ɗan'uwansa."

Aka kwantar da shi kwanaki. Dirip, ƙwayoyi masu sa mutum ya ji kamar ana tsikarar yatsunsa da allura, da maganin ɗigawa kala-kala, kowanne da lokacinsa. Ni a kan tabarma nake kwana gefen gadonsa, sauro ya mai da ni abincinsa. Wani maganin babu a ciki, sai na taka har bakin titi na bi kemis-kemis, farashin kuma in aka faɗa sai na sake tambaya ko ban ji daidai ba. Accar da na tara don Kirsimeti duk na karyar da ita. Amma in na yi ƙorafi dole in yi godiya. Zumuntar Mata ba su bar mu da yunwa ko rana ɗaya ba, suna haye gada da kuloli a kai. Oga Emeka ya ƙi karɓar kuɗin mai, har ya ji haushi da na matsa. Matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa, Bafulatana, ita ke ɗiga wa maigidana magani in na fita. Da aka sallame mu sai aka ce masu jiran lesa suna da yawa, aka ba mu rana nan da mako biyu, aka ja mana kunne: ban da duhu, ban da kifa kai.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe a gida take jiranmu.

Yaya Ladi ta zo ta zauna a gefensa ta ce, "Bitrus, magabci ya ƙwace ɗaya, yanzu kai da ƙafarka za ka kai ɗayan a huda? Idon da ya ga ɗaukaka? Wadda ba ta karanta Littafi ba ce za ta fassara maka wahayi?"

Na ce, "Yaya, da girmanki, ki ji tsoron Allah. Wadda ba ta karanta Littafin ba ita ta faɗa masa abin da yake gani tun bai buɗe baki ba. Mu da muka karanta me muka yi masa? Waƙa!"

Ta ce ba da ni take ba. Na ce ai ni da ita nake, tunda in ya makance ni zan ja masa sanda, ba ƙungiyar addu'a ba. Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo.

Bayan kwana biyu na dawo daga ɗebo ruwa na neme shi na rasa. Ƙofar sito a rufe. Na tura, ga shi a kife a kan tabarma! Raina ya ɓaci har ina ganin duhu-duhu. Na fita na kira Oga Emeka na ce ya zo da sukundireba. A gabansa muka kwance ƙofar ɗungurungum, muka kai ta gareji. Na ce in ɓeraye za su cinye accar da ta rage, su cinye.

Da yamma ya kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Hannatu, ba zan je lesar nan ba."

"Saboda Yaya?"

"Ba don ita ba. In ciwo ne, to mutanen da suka cika gidan nan fa? Matar nan mai hoton ɗanta fa? Na tsaya a gabansu na ce sama ta buɗe mini. In na je aka huda, zoben ya ɓace, na tabbata maƙaryaci ke nan. Da wane ido zan kalle su ranar girbi?"

Na ce, "Da na hagu, in ka bari ya rage." Na faɗa da zafi, amma da na koma madafa kuka na yi. Na san mutumin nan. Gara masa makanta da a ce ya yi wa Allah ƙarya.

Ƙauna ta roƙe shi, ya ƙi. Fasto ya zo ya ce shi ma da laifinsa, a ɗage ranar fassarar, ya ƙi. Ranar lesa na matsowa, ni kuma duk safiya sai na leƙa idon hagun nan kafin in ce masa ina kwana.

Ana gobe ranar lesa, ya ce in ɗauko Littafi in karanta masa surar, don maganin ɗigawar ya sa ƙananan haruffa sun gagare shi. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yatsa nake bi. Na bi ta kan guguwar, da fuskokin, da tayoyin, ina tuntuɓe yana gyara mini, don shi ya haddace. Na kai inda annabin ya faɗi rubda ciki. A nan surar ta ƙare, a nan kuma aikin da Fasto ya ba shi ya tsaya. Ni ban lura da lambar sabuwar sura ba, yatsana ya ci gaba abinsa. Sai na karanta inda muryar ta fara yi wa annabin magana, kuma abu na farko da ta umarce shi shi ne ya tashi ya tsaya da ƙafafunsa, sannan a yi magana da shi.

"Tsaya. Sake karantawa."

Na sake.

Can ya ce, "Na san wurin nan. Na karanta shi tun ina saurayi. Amma kusan wata biyu ke nan ban juya shafin ba." Ya shafa idonsa na dama. "Shi da ya faɗi, ba a bar shi a ƙasa ba. Ni na kwanta na ƙi tashi, ina jiran a yi mini magana." Sannan ya ce, "Gaya wa Emeka da asuba."

Lesar da muka yi ta tashin hankali a kanta, a zaune aka yi masa, ba yanka ba ɗinki. Ƙas, ƙas, ƙas, likita ta ce an gama. Ko ruwan shayi bai isa ya tafasa ba. Na ce, "Likita, shi ke nan? Abin da zai ceci na daman ke nan?" Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce masa ya gaya wa duk 'yan'uwansa na jini su zo a duba su, kuma kowa ya riƙa rufe ido ɗaya yana gwada ɗayan, don ido mai lafiya yana rufa wa maras lafiya asiri har sai ya mutu.

Ranar godiyar girbi coci ya cika har waje, wasu ma ba 'yan cocinmu ba ne, wahayi suka zo ji. Doya da dawa da kaji jibge a gaban bagade. Maigidana ya hau da baƙin tabarau, Ƙauna na riƙe da gwiwar hannunsa.

Ya ce, "Abin da annabi ya gani, ya gani, ban yi shakka ba. Abin da ni na gani ciwo ne. Ban yi muku ƙarya da gangan ba, amma na ɓatar da ku, ku gafarce ni." Ya ce tayoyin sun fi ƙarfin makanike, abu ɗaya kawai ya samu a cikinsu. Kujerar da aka yi wa taya ba ta zaman wuri ɗaya ba ce. Mutanen nan an raba su da gidajensu da haikalinsu, sun ɗauka sun baro Allah a baya, sai ga kursiyinsa ya biyo su har bakin kogin baƙuwar ƙasa. Ya ce, "Ni a sito na kulle kaina ina nemansa. Taimakonsa kuwa a ƙetaren gada na same shi, a hannun wata Hajiya." Aka ɗan yi gunaguni a baya, bai kula ba.

Sai ya ce yana da saƙon likita. Kowa ya sa tafin hannu ya rufe idon hagu, ya kalli gicciyen da ke bango. Aka yi, yara na ƙyalƙyala dariya. Ya ce to a sauya, a rufe na dama.

Wata ƙara ta tashi daga ɓangaren mata, irin wadda ake yi in an yi mutuwa. Na waiga. Yaya Ladi ce a tsaye, hannunta a kan idon dama, tana juya kai hagu da dama.

"Bitrus! Bitrus, ban ga gicciyen ba! Ban ga kowa ba!"

Ta cire hannun, ta mayar, ta sake cirewa. Sai ta sulale, mata suka tare ta. Ni na fara isa wurinta, ban ma san na tsallake benci ba. A ofishin Fasto ta faɗa mana abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shekaru ke nan tana ganin zoben, duk asubar da ta daɗe a durƙushe a ɗakinta ba fitila. Ja a waje, shuɗi a ciki. Ta ɗauka baiwarta ce, ta ɓoye don kada ta yi fahariya. Da ƙaninta ya gani sai ta tabbata baiwar gidansu ce. Mahaifiyarsu ma, in ji ta, ta sha faɗar haka kafin ta makance, aka ce hayaƙin murhu ne. Sai na tuna kofin kunun da ta ture.

Don haka, jama'a, ban hana kowa addu'a ba, ni ma da ita nake tsaye. Amma in naku ya ce yana ganin bakan gizo a jikin fitila, ga ciwon kai a gira, ku yi addu'ar a cikin mota, a hanyar asibitin ido. In ido ya yi ja ya yi tauri ga amai, kada ku kwana.

Litinin da asuba Oga Emeka ya sake fito da mota. Maigidana a gaba, ni da Yaya Ladi a baya. Muka hau gada. A nan ta lalubo hannuna ta damƙe, matar da ba ta taɓa kiran sunana ba tare da faɗa ba.

"Hannatu, idon da ya rage ɗin, za su iya cetonsa?"

Na ce, "Yaya, ban sani ba. Amma yau mu ne na farko a layi."